Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazarin Mutuwar Kifi a Wani Kududdufi da ke Bayan Ejisu

Kifin ya fara mutuwa ne kwana biyu bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi da ya sauka a ƙarshen watan Maris, lokacin da babbar daminar Kumasi take kankama. Yaron da yake gadin gonar ya leƙa bayan sallar asuba, ya tarar da manyan karfasa, wato kifin da kowa a Gana ya fi sani da tilafiya, sun juya ciki sama a gefen kududdufi, bakinsu a buɗe, murfin kunnuwansu a wangale, ƙananan kuma sun cunkushe a saman ruwa suna haɗiyar iska. Mai gonar kawuna ne, tsohon ɗan kasuwar goro da ke zaune a Aboabo, wanda ya zuba abin da ya tara a kiwon kifi bayan da tafiye-tafiye suka fi ƙarfin jikinsa. Ya kira ni ne domin ina koyar da kimiyya a wata sakandare, kuma a ganinsa duk wanda yake koyar da kimiyya dole ya san abin da yake kashe kifi. Da muka isa, kafin rana ta ɗaga, an riga an cika kwanduna uku.

Gonar tana cikin wani kwari mai dausayi a bayan Ejisu. Kududdufai biyu ne na ƙasa, babba na karfasa a sama, ƙarami na tarwada a ƙasa da shi, kuma ruwan babban ne yake gangarawa cikin ƙaramin. Dukansu suna sha daga wata ƙorama da take ratsa gonakin latas da kabeji, sannan ta bi ta bayan wani gidan kiwon kaji inda ake tara kashinsu tsibi-tsibi a fili ana jiran masu saye. Shi kansa Kawu yana rataya buhunan kashin kaji a cikin ruwan, domin an faɗa masa, kuma gaskiya aka faɗa masa, cewa koren ruwa abinci ne ga karfasa. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne inda koren ya kamata ya tsaya. Tun daga ƙarshen hunturu har cikin zafin Fabrairu da Maris ƙoramar ta ja baya, ruwan kududdufin ya ragu, gansakuka ta yi kauri har mutum ba ya ganin tafin hannunsa idan ya nutsa shi zuwa wuyan hannu, ga shi kuma ana ƙara wa kifin abinci domin ya yi nauyi kafin lokacin sayarwa.

Zargi uku aka fara yi. Yaron gona ya ce cutar da ta yi wa masu kiwon karfasa a tafkin Volta ɓarna ce, wato ƙwayar cutar ISKNV da ta ɓulla a can a ƙarshen 2018. Wannan bai zauna ba, domin waccan cuta ta fi cin 'ya'yan kifi, a nan kuwa manya ne suka riga ƙanana, kuma cuta ba ta zaɓar asuba. Wani maƙwabci ya ce ruwan masu galamse ne, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Shi ma wannan zargi ba na wasa ba ne a ƙasar Asante, inda duwatsun zinariya irin na yankin Obuasi suke ɗauke da sinadaran farar wuta waɗanda, idan aka tono su suka haɗu da iska da ruwa, suke haifar da asid mai ƙarfi, amma mun bi ƙoramar da ƙafa har kusa da mafarinta ba mu ga rami ko injin wanke ƙasa ko ɗaya ba. Kawu kuwa ya tsaya a kan cewa hannu ne. Ya ce mini: "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza." Na ce: "Haka ne, Kawu, amma ku bari mu fara auna tsamin kafin mu nemi mai hannun."

Mun auna, da taimakon wani ɗalibi daga sashen nazarin kifi na jami'ar KNUST ta Kumasi wanda ya zo da kayan gwaji. Ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta tsami ne, abin da ya haura ta kuma ya karkata zuwa ɗabi'ar kanwa da toka, sannan tsakanin kowace lamba da mai bi mata ninki goma ne. A safiyar nan babban kududdufin yana tsakanin 5 da 6, ruwan da yake shigowa daga dausayin ya fi shi tsami, iskar oksijin kuma ta kusa ƙarewa. Gwajin da ya fi komai bayyana lamarin shi ne na ƙarfin da ruwa yake da shi na shanye tsami ba tare da ma'auninsa ya motsa ba, ƙarfin da yake samu daga narkakkiyar farar ƙasa. Masana kiwon kifi suna son kada ya gaza miligiram 20 a lita, na kududdufin Kawu kuwa bai kai haka ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankin Kumasi, inda ƙasar kurmi ce da take kwance bisa duwatsun da ba su da farar ƙasa sosai, ga ruwan sama na kusan milimita 1,400 a shekara yana wanke ɗan abin da take da shi. Ruwan irin wannan wuri yana da daɗin sha, yana kumfa da sabulu, amma ba shi da garkuwa, duk abin da aka zuba masa sai ya juya shi.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a tsaya a kan kunnen kifi, wato jan naman nan mai kama da haƙoran matsefi da ke ƙarƙashin murfin da yake buɗewa yana rufewa a gefen kansa. Mu mutane mun raba aiki: huhu yana numfashi, ƙoda tana tace jini tana daidaita gishiri, fata tana kare mu daga waje. Kifi ya ɗora mafi yawan waɗannan a kan gaɓa ɗaya. Da kunne yake ɗaukar oksijin, da shi yake fitar da iskar kabon dayoksaid, ta nan yake zubar da mafi yawan amoniyar da jikinsa yake samarwa idan ya narkar da abinci, kuma ta nan yake daidaita tsamin jininsa. Abin da ya raba jinin da ruwan kududdufi wata fata ce da kaurinta bai kai na silin gashi ba. Ga kuma wata wahala ta musamman ga kifin ruwan daɗi: jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri nesa ba kusa ba, saboda haka kullum ruwa yana kutsawa cikin jikinsa, gishiri kuma yana zurarewa waje. Yana fitar da ruwan ta hanyar fitsari mai yawa marar kauri, gishirin kuma wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke kan kunnen suke janyo shi daga ruwa, suna karɓar sodiyam su ba da ƙwayar tsami a madadinsa, suna karɓar kulorayid su ba da bayikabonet. Wannan ciniki ba ya tsayawa dare da rana, kuma yana cin ƙarfi.

To, a cikin makonnin zafi, kafin kowa ya ga mataccen kifi ko ɗaya, wannan gaɓa tana shan duka sau biyu a kowace rana. Da hantsi zuwa la'asar gansakuka tana zuƙe kabon dayoksaid daga ruwa domin ta yi abincinta, kuma a ruwan da ba shi da garkuwa hakan yana cilla ma'aunin sama har ya haura 9. Nan ne takin yake zama dafi. Amoniyar da take fitowa daga takin tana zama a ruwa da fuska biyu, ɗaya mai ɗauke da caji wadda ba ta iya ratsa fatar kunne da sauƙi, ɗaya kuma iska ce da take ratsawa kai tsaye, kuma ma'aunin tsami ne yake raba musu gado. A zafin digiri 25, idan ruwa yana kan 7, mai dafin tana kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a kan 8 tana kusan kashi 5, a kan 9 kuwa ta haura kashi ɗaya cikin uku, kuma zafi yana ƙara ta. Ke nan adadin amoniyar da ba ta da illa da safe ita ce take ƙona kunne da la'asar, ta hana kifi fitar da tasa, ta taru a jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron gona ya tuna cewa ya sha ganin kifin yana juyi yana fizge-fizge da yamma, ya ɗauka wasa yake yi. Akwai dangin karfasa a tafkin Magadi na Kenya da yake rayuwa a ruwa mai ma'auni kusan 10, amma shi ya kuɓuta ne domin ya daina fitar da amoniya, yana mayar da ita yuriya kamar yadda jikinmu yake yi. Karfasar Kawu ba ta da wannan baiwa.

Amoniyar kuwa ba ƙorama kaɗai take kawo ta ba. Daga naitirojin da ke cikin abincin kifi, abin da yake zama nama bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana komawa ruwa, har ana ƙiyasta cewa kowane kilo na abinci yana barin kusan giram 30 na amoniya. Bakteriyar da take sarrafa ta zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret marar illa sosai, tana cin fiye da giram 4 na oksijin, tana kuma cinye kusan giram 7 na garkuwar farar ƙasa a kan kowane giram ɗaya na naitirojin. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan ne matsalolin biyu suke zama ɗaya: yawan taki da kansa yana tsamar da ruwa, yana cinye ɗan abin da zai hana tsamin yin ɓarna.

Da dare kuma sai lamarin ya juya. Gansakukar da ta cika ruwa da oksijin da rana ita ce take shanye shi da dare, tare da kifin da bakteriyar da ke ruɓar da laka. Ruwa mai zafin digiri 28 ba ya riƙe fiye da kusan miligiram 8 na oksijin a lita ko da ya ƙoshi, saboda haka ajiyar ba ta da yawa. Kabon dayoksaid yana taruwa, ma'auni yana gangarowa, kuma idan iskar ta shiga jini ta tsamar da shi, jan sinadarin da yake ɗaukar oksijin, wato himogulobin, yana sassauta riƙonsa. A kifaye da yawa abin ya wuce sassautawa, domin jini mai tsami ba ya iya cika da oksijin ko da akwai shi a ruwa. Babban kifi ya fi buƙatar iska a jimlace, kuma faɗin kunnensa bai kai na ƙarami ba idan aka gwada da nauyin jiki, ga shi ƙaramin ya fi iya lallaɓa bakinsa a siririn saman ruwa inda iska take taɓawa. Shi ya sa waɗanda suka kusa shiga kasuwa ne suka fara tafiya.

Ruwan saman ya zo ne ya tarar da kifin a wannan hali. Ruwan sama ko mai tsabta ne yana da ɗan tsami, kusan 5.6, amma ba shi ne babban abin ba. Ƙasar dausayin da ta bushe ta tsattsage a lokacin rani ta sha iska, ruɓaɓɓen ganye da ƙarfen da ke cikinta sun saki tsami, ga takin salfa na amoniya da manoman ganye suke zubawa, wanda shi ma sananne ne wajen tsamar da ƙasa. Ruwan farko ya kwaso wannan duka, ya haɗa da ruwan tsibin kashin kaji, ya zubo cikin kududdufin. Sanyinsa ya sa ya nutse ƙasa ya taso da ruɓaɓɓen ruwan gindi, hadari ya rufe rana kwana biyu, gansakuka ta mutu ta fara ruɓa, ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa.

Abin da tsami yake yi wa kifi an gano shi ne a wurare masu nisa da mu. A kudancin Norwe, inda hayaƙin masana'antun Turai ya riƙa sauka a matsayin ruwan sama mai tsami a kan ƙasa marar farar ƙasa, kifi ya mutu da yawa a kogin Tovdal a shekarar 1975 lokacin narkewar ƙanƙara, kuma da masana suka auna jinin waɗanda suke gab da mutuwa sai suka tarar gishirinsa ne ya zube. Dalilin shi ne kalsiyam ne yake ɗaure ƙwayoyin fatar kunne da juna, tsami kuma yana ture shi, sai ƙofofi su buɗe sodiyam da kulorayid su tsere, a daidai lokacin da cinikin janyo sodiyam yake tsayawa domin kifi ba ya iya tura ƙwayar tsami cikin ruwan da ya riga ya cika da ita. Idan gishirin jini ya ragu, ruwansa yana shigewa cikin tsoka, jajayen ƙwayoyin jini suna kumbura, jinin ya yi kauri, zuciya ta gaji da turawa. Ƙari a kan haka, ruwa mai tsami yana narkar da alminiyam daga yumɓu, kuma a tsakanin 5 da 6 alminiyam ya fi manne wa kunne, kifi ya yi ta fitar da majina domin ya wanke shi har majinar ta toshe numfashin. Kunnuwan da muka buɗe a bakin kududdufin sun kasance fari-fari, sun kumbura, yauƙi ya lulluɓe su.

A nan ya kamata a yi adalci. Karfasa kifi ne mai taurin rai, tana iya jure ma'aunin 5, tana kuma iya wuce 'yan sa'o'i a ruwan da oksijin ɗinsa ya gaza miligiram ɗaya a lita. A ganina babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da zai yi wannan ɓarna shi kaɗai. Kunnen da amoniya ta riga ta kumbura shi makonni, sannan majina ta rufe shi, shi aka nemi ya tsotso iska daga ruwan da ba ta cikinsa.

Mutuwa ta biyu kuwa mu muka janyo ta, kuma ina da kaso a ciki, domin na ambaci farar ƙasa ban tsaya na bambanta ta ba. Da Kawu ya ji cewa tsami ne, kafin in dawo washegari ya sa an sayo buhun farar ƙasar magina, irin wadda ake shafe bango da ita, aka watsa a ruwan gaba ɗaya. Wannan ba irin ta noma ba ce da take narkewa sannu a hankali ta tsaya kusa da 8. Ita tana cilla ma'auni sama cikin sa'o'i, kuma a ruwan da ya cika da amoniyar matacciyar gansakuka hakan daidai yake da buɗe wa dafin ƙofa. An gudu gara an tarar da zago, aka sake cika kwando biyu.

Tarwadar da ke ƙaramin kududdufi ta wuce daren farko lafiya, domin tana da wata gaɓa mai rassa a saman kunnenta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, har Kawu ya fara cewa da ya sani da ita kaɗai ya zuba. Bayan mako guda ita ma ta daina cin abinci, ta yi lamo a gefe. Da aka yanka ɗaya, jininta ya fito ruwan ƙasa kamar koko. Wannan alamar naitirait ce. Bakteriyar da take kammala sarrafa shi ta fi saurin raunana idan ruwa ya birkice, sai aikin ya tsaya a rabi, kuma kunnen kifi ba ya bambanta naitirait da kulorayid, ta ƙofa ɗaya yake janyo su. Idan ya shiga jini yana sauya ƙarfen da ke cikin himogulobin ta yadda ba zai ƙara ɗaukar oksijin ba, saboda haka shaƙar iska daga sama ba ta amfana wa tarwadar komai ba. Maganin wannan shi ne mafi araha a duk lamarin, gishirin girki, wanda yake cika ƙofar da kulorayid har naitirait ya rasa wurin shiga. Ana ba da shawarar kulorayid ya ninka naitirait kamar sau goma, kuma cikin kwanaki kaɗan tarwadar ta koma cin abinci.

Sauran gyaran bai da wani abin burgewa. An dakatar da abinci kwana huɗu, an cire buhunan kashin kaji, an kunna injin ban-ruwa yana ɗebo ruwan kududdufin yana fesa shi sama daga tsakar dare zuwa fitowar rana. An haƙa lambatu a gefen sama domin ruwan farko na kowace damina ya wuce ba tare da ya shiga ba, aka kuma yi wani ɗan rami da ruwan ƙorama yake kwana a ciki bisa niƙaƙƙen ɓawon kumbar kogi, irin wanda ake tarawa a ƙasan Volta wajen Sogakope da Ada. Bayan an kwashe abin da ya rage aka busar da gindin aka baɗa farar ƙasar noma, wadda ake zuba tan ɗaya zuwa biyu a hekta a ƙasa irin wannan.

Maganar mai kaji ta fi wuya, domin shi a ganinsa kashin kaji albarka ne, ba a taɓa jin ya kashe komai ba. Na ba shi labarin gwajin da David Schindler da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1973, inda suka raba wani tafki biyu da labule, suka zuba wa kowane ɓangare naitirojin da kabon, suka ƙara wa ɗaya fosfaros, sai ɓangaren fosfaros ɗin kaɗai ya koma kore kamar miyar kuka. Kashin kaji yana da fosfaros sosai, kuma shi ba ya tashi ya bi iska kamar naitirojin, yana kwanciya ne a laka ya sake fitowa duk lokacin da oksijin ya ƙare a gindin ruwa. Ban sani ba ko Kanada ce ta shawo kansa ko kuwa zuwan limamin unguwarsu da Kawu ya roƙa, amma ya matsar da tsibin nesa da ƙorama ya rufe shi da leda.

Kifin da ya tsira bai yi nauyin da aka sa rai ba, domin ƙarfin da ya kamata ya zama nama ya tafi wajen gyaran kunne da maido da gishiri, kuma matan da suka saba saye su kai kasuwar Asafo sun taya shi da kuɗin ƙanana. 'Ya'yan kifin da aka saba gani a gefen ruwa ma sun yi ƙaranci a wannan zangon, abin da ya dace da yadda ƙwai da jarirai suka fi manya rauni a gaban tsami. Yanzu akwai ƙaramin littafi a rataye a bukkar gonar, yaron yana rubuta abin da takardar gwaji ta nuna sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar. Kawu ba ya karanta boko, amma ya koyi kallon lambobin biyu, idan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce biyu sai ya ce a rage abinci a kuma kira ni.